Bakwai a Kwance

Shekara talatin da ɗaya ina jera haruffan dalma
a wata maɗaba'a a Adum, bayan shagon takalma,
ina karanta duniya a juye.
Da injin ya tsufa aka sayar wa 'yan gwangwan,
ni na koma gida,
yatsuna suka ce su ba su yi ritaya ba.

Yanzu in an idar da isha'i a Aboabo
sai in kifa tsohuwar kalanda a kan tebur,
in ɗauko rula da guntun fensir,
in ja layi sha biyu, in gitta sha biyu a kansu.
Gidaje su fito kamar na dara,
'ya'yan da zan zuba kuwa kalmomi ne.

Hausa ba ta son wannan ginin, na rantse.
Kowace kalma sai ta ƙare baki buɗe:
gyaɗa, fitila, tukunya, tabarma,
gefen dama ya cika da a, a, a,
kamar layin masu jiran likitan haƙori.
Dole in toshe da baƙar tawada,
in yi katanga inda na so ƙofa.
Tsintsiya kuwa, sati guda muna rigima da ita:
gida tara za ta ci, ko bakwai ya ishe ta?
Na ba ta tara. Na ji haushi.

Mutum ɗaya ne ke cike mini guraben:
Mumuni mai gyaran rediyo,
haifaffen layin nan, kakansa ya zo da fataken goro.
Duk Asabar yana zuwa da dokunu a leda,
ya sa tabarau mai ƙafa ɗaya,
ya tsotsi bironsa, ya ce na cika mugunta.

Ran nan ruwa na dukan kwano, wuta ta ɗauke,
muka kunna tocila.
Bakwai a kwance, gida huɗu, na rubuta masa:
“Launin gawayi. Abin da alƙalami ke haifa.
Sunanmu a garin nan, ko bayan shekara ɗari.”
Takwas a tsaye, shi ma huɗu, ya sauko daga gida na uku:
“Ana taka ta, ana kewarta, ana komawa cikinta.”
Kwana tara na yi kafin su haɗu,
baƙi da ƙasa, harafi ɗaya ya riƙe su,
mai ɗan lanƙwasa a ka kamar sandar makiyayi.

Mumuni bai yi minti biyu ba.
Ya dangwara K, miƙaƙƙiya, ba ƙugiya,
yadda muke faɗa a Zango tun muna yara.
Na haska. Baki a kwance, kasa a tsaye.
Na ce, “Ka ɓata mini.”
Ya ce, “Me na bata?”
Na ce, “Ka ji ko? Baki ya kasa.”
Ya yi dariya har tabarau ya faɗa cikin barkono.
Ya ce, “Isaka, ƙugiyar nan a hanya ta faɗi,
wajen Salaga, jaki ya taka.
Wanda duk ya ɗauki kaya daga nesa
sai ya ajiye wani abu kafin ya iso.”

Da ya tafi na ɗauki fensir
na ɗora mata lanƙwasarta a hankali.
Na duba. Na goge.
Na sake ɗorawa.
Takardar ta huje a wurin,
har ina hango wata Talata ta bara ta ciki.

Na bar ta haka.
Akwai kusurwar hagu da ta ƙi ni tun Laraba:
gida biyar, z a fari, g a na huɗu,
kuma ba na son in sa zango,
na sa shi sau uku a wannan shekarar.
Rakiya ta ce in kashe tocilar, batir ya yi tsada.