Kwalin Ƙarƙashin Teburi

A shagona na bakin Dilimi
akwai kwali ƙarƙashin teburin gyara,
shekara ashirin ina ɗora masa ƙafa.
Akwatunan gem ne masu launin toka,
waɗanda ake cusa wa kaset ta ka,
in ya ƙi tashi a zare, a hura masa iska
kamar mai yi wa yaro tofi.

Da su na yi aure, da su na sayi keke.
Naira biyu wasa, in ka mutu ka ba da wuri.
Gyang da Talle, da kuɗin tara a aljihu,
wannan daga Jenta, wancan daga Gangare,
benci ɗaya, hannuwa huɗu, hanci na yoyo don sanyi,
ƙanƙara na jifan kwano ba wanda ya ɗaga kai.
In an ɗauke wuta
sai su zauna suna kallon baƙin gilashi,
kowa na rantsuwa shi ne ke gaba.

Sai gari ya tsage, kowa ya koma ɓangarensa.
Sai waya ta zo, ta kwashe sauran yaran.
Na naɗe igiyoyi na tura ƙasa.
Ko ɗan gwangwan bai taya ba.

Bara Zulai, autata, ta ɗauki hotonsu,
ta ce, Baba, bari in gwada.
Kwana uku sai ga saƙo daga Japan,
wani wai shi Noboru, mai furfura kamata.
Waya ce ke mana tafinta, tana tuntuɓe.
Ya ce can garinsu ana nemansu ido rufe,
dattawa masu jikoki na bin kantunan tsofaffin kaya
suna neman abin da iyayensu mata suka zubar.
Ya faɗi kuɗi.
Na sa Zulai ta sake karantawa.
Buhun dankali nawa ke nan a Farin Gada?

Dariya na yi har da tari.
A gwanjo suka zo, ta Kwatano, cikin tsumma,
an kore su daga gida don sun tsufa,
yau da tsufan ake musu kiranye.
Kakana ya wanke kuza a rafin nan,
yakan ce dutsen da ka taka da safe
wani na can ƙetare yana mafarkinsa.

Na jona ɗaya da talabijin mai ƙusumbi.
Na hura, na cusa, na danna.
Kiɗan nan siriri, kamar na gyare, ya tashi,
sai da na waiga ko benci ya cika.

A bayan wani kaset akwai zane da baƙin alƙalami,
ni da na ɗauka lambar kamfani ce.
Noboru ya ce sunan yaro ne,
haka suke yi don kada aron ya zama kyauta.
Ƙasa da shi, da tsinin ƙusa,
Talle ya karce nasa sunan, harafi ɗaya a juye.
Na ba da haƙuri, na ce zan goge.
Ya ce kul.
Wannan ma shi ya fi so.

Talle yana jan tirela, ban san wace hanya ba.
Gyang kuwa sau ɗaya na hango shi a Taminus,
muka ɗaga wa juna hannu, mota ta shiga tsakani.

A gidan waya aka aza kwalin a sikeli,
kilo tara da ɗoriya.
Ban yi musu ba, amma ya fi haka nauyi.

Yanzu ina gyaran rediyo, ruwa na sauka a Jos,
kuɗin na aljihu, Zulai ta biya makaranta,
ƙafata kawai ke lalube ƙarƙashin teburi,
ba ta ji labari ba tukuna.