Layi na Shida, Ranar Laraba

Laraba ranar Wendell ce.
Tara da kwata, rana ba ta gama shawarar fitowa a Duluth ba,
zai shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga takalmi,
ambulan a hammata, ya sha hannu har ya yi laushi,
ya nufo layina, na shida, mai fitilar nan da ke ƙyafta ido.

Shekara talatin da ɗaya yana loda tama a jiragen tafki.
Hannun da ya saba da sarƙa
yanzu almakashi yake riƙewa daren Lahadi,
yana bin gefen takardun ragi a jarida
sannu sannu, kamar mai yanke wa jariri farce.

"Bi da bi, yarinya," haka yake ce mini kullum.
"Rangwamen kanti tukuna. Sai takarda.
Kati shi ne auta.
In kika juya su, senti tamanin sun gudu."
Ni da na'ura mun sani.
Ina barinsa ya faɗa.

Katin ma da nasa labarin.
Bayan Kirsimeti mutane kan sayar da kyautar da aka yi musu:
na dala hamsin, ya same shi arba'in da biyu
a hannun wani da kuɗin haya ya shaƙe.
A baya an rubuta da shuɗin biro:
Ga Dale, daga gwaggonka Arlene, ka ci mai kyau.
Wendell bai san Dale ba.
"Amma zan ci mai kyau," in ji shi,
"kada maganar tsohuwa ta faɗi ƙasa banza."

Kofi gwangwani biyu, rabin kuɗi.
Sabulun wanki, ka sayi ɗaya ƙanensa ya biyo ka gida.
Cinyoyin kaza masu jan tambari
don gobe wa'adinsu zai cika.
Lambobi na sauka a allo
kamar dattijo a matakala, yana dafa bango:
saba'in da huɗu,
sittin da ɗaya,
arba'in da tara da 'yan kai.

Layi ya yi wutsiya a bayansa.
Wani mai jakar ofis ya duba agogo, ya ja tsaki,
ya sake dubawa ko agogon zai ba shi haƙuri.
Wendell bai waiga ba.
Wanda ya taɓa auna ƙarshen wata da gwangwanin wake
tsaki ba ya huda masa kwat.

Ambulan ɗin na Marlys ne.
Rubutunta ne a jiki, mai karkata kamar ciyawa a iska:
nama, madara, wanki, sauran tarkace.
Hunturu biyu ke nan tana kwance bayan cocin kan tudu.
Ta bar masa gida, da kare, da wannan lissafi
da ya shekara arba'in yana yi wa dariya.

Yau ya miƙo wata takarda cikin sauran,
ragin dala ɗaya a kan rinin gashi, ruwan zuma.
Na'ura ta yi ƙara, ta ƙi.
Ta mutu tun shekara uku.
Da ya gane ta, kunnuwansa suka yi ja.
Ban ce komai ba,
na tura masa ita da ɗan yatsa ƙarƙashin rasit,
ya mayar da ita aljihun ƙirji, ba ambulan ba.

Dala talatin da biyu ya tsira da su.
Ashirin na wutar ɗumama ɗaki,
saura na kwalbar da ke kan firiji,
kuɗin bas zuwa Fargo, ranar da jikarsa za ta gama makaranta.

Senti sittin da uku suka rage a katin Dale.
"A jefar?" na tambaya.
Ya dube ni kamar na zagi wani nasa.
"Akwai wata Larabar," ya ce,
ya tura kekensa mai gurguwar taya
ƙofa ta buɗe da kanta, sanyi ya karɓe shi.