Mai Tsaron Gida

Ruwan da ya sauka daren Laraba a Kumo
bai yi sallama da kowa ba.
Gari na wayewa, ɗakin Baba Manu
ya durƙusa kamar raƙumi, bai sake tashi ba.

Baba Manu, ai kun san shi.
Shi ke zana mana layin fili da toka,
da gwangwanin da ya huda gindinsa da ƙusa,
yana tafe a sunkuye daga raga zuwa raga.
Shekara goma sha tara yana yi,
lasifika ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ranar Asabar Malam Gidado ya busa usur,
muka taru, takalma rataye a wuya.
Ya ce, "Ku ajiye su. Atisayen yau gayya ce."
Saura mako guda mu kara da 'yan Pindiga.
Sambo ya yi gunaguni, Yila ya ja tsaki,
ni ma raina bai so ba, kada in yi muku ƙarya.

Ƙafafun da muke tattali kamar ƙwai
suka nutse cikin jar ƙasa da ƙaiƙayi,
muna kwaɓi, muna zamewa,
yaran unguwa a kan katanga suna ta shewa.
Bappayo, ɗan gabanmu,
wanda ba ya ba kowa ƙwallo
ko da kakarsa ce tsaye a bakin raga,
sai ga shi a tsakiyar layi
yana karɓar tubali, yana miƙa wa na gaba.
Tubali ba ya yanka, ba ya gudu,
hannu da hannu yake tafiya.

Da bango ya wuce kafaɗa,
magini, wani tsamurarren tsoho mai goro a kunci,
ya ce, "Wa ya iya cafiya a cikinku?"
Yatsu goma suka nuno ni.
Na hau, na yi zaman doki a kan ɗanyen gini,
suna jefo curi, ina cafewa.
Ƙwallo in ta kuɓuce, ci ɗaya ne.
Curi in ya kuɓuce, ƙeyar Yila ce.
Ban saki ko ɗaya ba.

Baba Manu ya kasa zama, ya kasa tsayuwa.
"Ku bari haka, 'ya'yana, kun gaji."
Ya ɗauki tulu, a karɓe,
ya ɗauki shebur, a karɓe.
Daga ƙarshe ya koma gindin darbejiya
yana miƙe tsofaffin ƙusoshi da dutse,
bai ɗago ido ba sai da Inna Dudu
ta fito da kunun tsamiya a roba,
ludayi uku, mu goma sha shida.

Yamma huɗu muka yi bayan an tashi makaranta.
Kwanon rufi tsoho ne, an daddale shi ya miƙe.
Bangon gabas ya yi ɗan tumbi,
aikin Sambo ne, har gobe yana musu.

Pindiga kuwa ta ci mu biyu da ɗaya.
Ta biyun ta ƙarƙashin hammatata ta wuce,
na ce wa kafaɗa tashi, ta ce ba yau ba.
Amma layin fili a ranar
fari fat, miƙaƙƙe kamar zaren saƙa,
har alƙalin wasa ya tambayi wa ya zana.

Shekara uku ana kirana mai tsaron gida,
gidan kuwa turaku biyu ne da raga.
Jiya da dare an sake ruwa,
na biyo ta lungun, buhu a kaina,
na ga fitila a tagar Baba Manu,
na ji tarinsa, na ji rediyo.
Can sama, ƙarƙashin azara,
inda ba mai gani sai gizo-gizo,
akwai shatin tafin hannuna a jikin ƙasa.
Ya bushe.