Kujera Biyu

Shekara goma sha tara ke nan
ina buɗe wannan ƙofa mai shuɗin fenti,
ta ƙarshe a baranda, bayan ɗakin awon jini.
Ba allura a teburina, ba ƙwaya.
Kujera biyu, agogo, da fanka
mai hutawa duk sa'ad da wuta ta ga dama.

Ran da na dawo daga Yamai da takardata
Inna ta juya ta ciki da bai, ta ce,
"To, me kike ba su?"
Na ce, "Kunne."
Ta ce, "Shi kika yi shekara biyar kina nema?
Ai da shi na haife ki."

Arzika ne ya fara zama a kujerar hagu,
direban tirela, kafaɗa kamar buhun gyaɗa.
Sau uku ana auna zuciyarsa, lafiya lau,
amma da ya doshi shingen Ɗan Isa
sai ƙirji ya zama turmi,
tafi ya jiƙe a kan sitiyari.
Na ce mu ƙirga numfashi: huɗu ciki, shida waje.
Ya dube ni kamar na ce ya kwashe gulbi da ludayi.
Mako tara muna ƙirga.
A na goma sai ga kwandon lemo daga Jibiya,
ba wasiƙa, ba suna.

Tsahara mai ɗinki, ta Bagalam,
damina biyu ba ta taka babbar kasuwa ba.
Tare muka je.
Ranar farko bakin ƙofa kawai, muka juyo.
Ta uku, har rumfar masu tattasai,
tana riƙe da gefen mayafina kamar za ta yaga shi.
Ran da na ji ta tsaya cinikin zare,
tana rantsuwa a kan dala biyar,
sai na sulale na bar ta.

Ba duka ke dawowa ba.
Akwai wani yaro ɗan aji na ƙarshe, Mantau,
mai cizon farce har jini.
Zuwa biyu ya yi.
Sunansa na nan a rajista, shafi na arba'in,
layin ƙasansa fari fat.

A unguwa har gobe "likitar mahaukata" nake.
Masu faɗa da rana
su ke ƙwanƙwasa mini bayan isha'i,
murya ƙasa-ƙasa: "Wata ƙawata ce gabanta ke faɗuwa."
Nakan ce, "Zauna. Ba ni labarin ƙawar."

Ni ma fa wani dare fargaba kan same ni,
ƙarfe uku, babu dalili, babu sallama.
Ba na korar ta.
Nakan tashi zaune a bakin gado,
in ji kabu-kabun ƙarshe yana wucewa ta Zariya,
huɗu ciki,
shida waje.

Da safe in share ɗaki da kaina,
in ɗan karkata kujerar hagu wajen ƙofa.
Mai tsoro yana son ya ga mafita
kafin ya yarda ya zauna.