Jirgin da Ke Karkata Hagu

Dare ya raba a Kurmin Mashi.
Na sayi datar dare, na sauke sabon jirgi,
farfela biyu, fari, da ratsin da aka ce ja ne.
Na shigar da shi kwamfuta kamar mai kai baƙo masauki,
na ce bismillah, mu tashi.

Bai tashi ba.
Ya dai sheƙa a kan kwaltar filin jirgi,
sai ya karkata hagu, hagu,
ya faɗa ciyawa kamar akuyar da ta tsinke igiya.

Na goge shi, na sake zubawa.
Na bi fayil-fayil da ido,
irin tsintar tsakuwa a shinkafar gida.
Ashe ɗaya ya kwana a ɗakin da ba nasa ba.
Na mai da shi. Allurai suka farka,
agogon mai ya motsa, fitilu suka kama.
Na ce to, an gama.
Hagu.

Sandar tuƙin gwanjo ce,
a Kasuwar Barci na tsinto ta,
tsakanin dutsen guga da rediyon da ba ta da murfi.
Na kwance cikinta, na hura,
har da ƙafar kyankyaso ta fito.
Na ɗiga mata man keke,
na koya mata karatu daga farko:
nan ne sama, nan ne ƙasa,
nan ne tsakiya, inda ba a goyon bayan kowa.
Ta nuna ta ji.
Hagu.

Matakan ƙafa kuwa Bulus na Panteka ya ƙera min
daga fedar keken ɗinkin Inna,
keken da ya ciyar da mu shekara sha tara.
Na buga masa waya ƙarfe ɗaya saura.
Ya ce, "Isiyaku, mutane na barci.
Waldata ba ta ƙarya. Duba kanka."

Na duba kaina.
Shekara ashirin da shida ke nan
da wani likita a Zariya ya buɗe min littafi mai ɗige-ɗige,
ya ce, wace lamba ka gani?
Ban ga komai ba sai gero da dawa a barbaje.
Ya ce ja da kore ba su rabu a idona ba,
ya rufe littafin a hankali, kamar kada ya ji ciwo.
Tun ranar nake gyaran fanka,
farfelar da ba ta zuwa ko'ina.

Sai wani ɗan noti ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin tebur.
Na durƙusa da fitilar waya,
na ga wata baƙar waya a bayan kwamfuta
wadda ba ni na jona ba.
Na bi ta da rarrafe.
Ta wuce ƙafar kujera, ta ratsa takalman makaranta,
ta hau tabarma.

Zulai ce.
Tun bayan isha'i take jiran in ce zo ki gwada.
Barci ya sace ta da abin wasan yayanta a hannu,
babban yatsanta ya danne ɗan maɓallin
gefe guda.

Ashe tun ɗazu mu biyu ke tuƙi.

Ban zare wayar ba.
Na ɗaga yatsan kaɗan, yana da ɗumi,
na mai da shi tsakiya.
Jirgi ya miƙe sambal, hanci ya ɗaga,
ƙafata a kan fedar Inna.
Ga kogin Kaduna ya lanƙwasa, ga gada,
ga wani duhu da nake zaton rufinmu ne.
Fanka na juyawa a saman kaina.

In gari ya waye, kafin ta sha koko,
zan nuna mata ratsin nan na jikin jirgi,
in ce, Zulai, wannan wane launi ne?