Hamzar da Ya Bari a Hanya

Ni na koya masa riƙon alƙalami,
aji uku, makarantar bayan kasuwar kifi,
inda fanka ke juyi kamar mai gyangyaɗi.
Gazwan, ɗan Hudair mai ɗinke kwalekwale,
bahago, kunnuwa fato-fato.
In ya rubuta ma'u, wato ruwa,
sai ya bar hamza a hanya.
Na yi ta jan layi har jan biro ya ƙafe.

Bana shekarata saba'in da ɗaya.
Basara ta yi zafin da ke kakkaɓo tsuntsu daga dabino,
famfo na tofo gishiri,
shayin safe ya koma ɗanɗanon hawaye.
Jarida ta ce an gyara.
Rediyo ta ce ana kan gyara.
Gazwan bai ce uffan ba sai da ya taka da ƙafarsa.

Ba shi da katin 'yan jarida,
ba ofis, ba mota mai tambari.
Da hantsi batir yake sayarwa da igiyar caji,
la'asar sakaliya ya ja ƙofar shago,
ya ɗauki wayarsa mai tsagaggen gilashi,
ya bi lungu yana ƙirga:
awa nawa wuta ta zauna a Hayyaniyya,
yara nawa kan gado guda a asibiti,
ɓauna nawa suka kwanta a gaɓar Shaɗɗul Arab,
leɓɓansu fari fat.
Ba ya cewa "jama'a da dama."
Cewa yake: Sabiha, shekara shida, tana tsoron allura.

Jikata Rihab ke karanta mini,
don yana ta rufe idona na hagu.
Amma nakan ce miƙo nan, ƙara wa baƙin girma,
in kai hanci kan gilashi ina lalube.
Babu ita.
Shekara talatin yaron nan bai koma ya tsinto ta ba.

Na aika masa da saƙo ta bakin mai burodi:
tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.
Ya aiko da amsa, da dabino cikin leda:
Malama, ai ruwan muke nema.

Sai wata Talata, shiru.
Kwaɗo a ƙofar shago, kyanwa kwance a dokin ƙofa.
Wasu suka ce mota ce marar lamba,
wasu suka ce ya tsallaka iyaka,
masu cewa ba su san shi ba sun fi yawa.
Uwarsa ta daina hura tanda.

Kwana huɗu, ga rubutu da sunansa:
wai ya yi kuskure, ruwa garau yake,
wai yana neman afuwar manya.
Rihab na karatu muryarta na rawa.
Na karɓa, na lalube.
Sau bakwai aka ambaci ruwa,
kowace hamza na zaune daram a kujerarta.
Na ce share hawayenki, yarinya,
wannan hannun bai taɓa shan jan birona ba.
Daga nan ni kuma nawa kukan ya fara.

Dare na sha ɗaya, janareton maƙwabta na tari,
Rihab ta faɗo ɗaki ba ko ɗankwali.
Layi uku ne, ba suna, ba hoto:
an sallami Sabiha,
a Abul Hasib tankar ba ta zo ba,
kada a ba jarirai ruwan famfo.

Na ce ƙara girma.
Ƙara.

Alif na tsaye shi kaɗai a ƙarshen kalma,
kamar mutum a bakin kogi,
ba komai a gefensa.

Akwai sabon jan biro a aljihun tebur.
Na bar shi inda yake,
na tashi na ɗora shayi, da gishirinsa.