Ƙofar da Ba Ta Sha Fenti Ba

Delbert Pruitt daga waje ya faro ta.
Shekara goma sha ɗaya yana fesa mata ja,
ja irin na cikin kankana,
har hannunsa ya soma rawa
bai kai ga ƙofar direba ba.
Ita kaɗai ta rage da launin toka.

Ranar Talata ya sayar mini, a Toledo,
ruwa na ɗiga ta rufin garejinsa.
Ya ƙirga kuɗin sau biyu,
ya miƙo makulli
da gwangwanin kofi uku cike da notuna.
Ya ce kowanne da gurbinsa.
Bai ce ga inda gurbin yake ba.

Silinda takwas, dogon hanci, faɗin ƙirji.
Ta girme ni da shekara huɗu.

Na shiga ƙarƙashinta da tocila a baki.
Ashe kyan ɗan maciji ne.
Bututun birki ya ruɓe,
tsatsa na zubo mini a ido kamar garin barkono.
Ɓera ya yi aure a bayan sitiyari,
ya haihu, ya ciyar da 'ya'yansa da wayoyin fitila.
Fetur ɗin da ke tanki
ya tsufa har ya manta shi fetur ne.

Casimir, mijin yayata, ya zo da hannu a aljihu.
"Marlene, irin wannan ba a zuwa aiki da ita.
A tirela ake ɗora ta a kai baje koli,
a kewaye ta da igiya kada yaro ya taɓa."
Na ce masa ƙarfe biyar da rabi nake fita asibiti.
Birki nake so wanda zai kama,
da hita mai ɗumi a watan Janairu,
da abin share gilashi da ba ya barci a tsakiyar ruwa.
Dokin da ba a hawa, hoto ne mai cin hatsi.

Na kwance kafireta a teburin cin abinci,
bisa tsohuwar jarida.
Noreen tana gefe tana aikin lissafi,
ita da nata ɓatattun lambobi, ni da nawa ɓataccen sifirin.
Mako biyu miyarmu tana warin mai.

Wani dare noti ya karye a cikin inji.
Ɗan ƙarfe bai kai yatsa ba.
Na zauna a siminti mai sanyi
na yi kukan da ban yi ba ranar da aka raba aurena.
Da safe na ari injin huda.

Lagireto sabo. Fulogi takwas. Bel na kujera,
wanda masu ƙirar ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.
Na shafe cikinta da baƙin maiko
don gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara
ba ya jin kunyar tsohuwa.

Ta yi tari. Ta yi shiru. Ta sake tari.
Sai ta buɗe murya,
sifanu suka yi rawa a jikin bango,
karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin baranda.

Yanzu madara take ɗauka, da abincin kyanwa,
da takalman aikina.
Tana shan mai kamar da gayya.
Keken sayayya ya karce ta a gaban kanti,
na duba, na shafa, na shiga.

Lahadi na bi ta gidan Delbert.
Tun daga kwana ya ji ta, ya fito da sanda.
Ya daɗe yana kallon ƙofar.
"Ba ki ƙarasa ba."
Na ce a'a.
Ya ɗora tafinsa a kan tokar, rawar ta ɗan lafa.

Gwangwani guda ya rage a but, rabinsa notuna.
Ban san gurbinsu ba har yau.
Ina jin su a kowace kwana.